Na Ce Ta Tofa

Litinin 3 ga wata, 6:40 na safe

Yaya ta sake shanya matashin kanta a kan igiya. Kwana uku ke nan a jere. Ta ce zafi ne ya sa ta gumi. Ni kuwa da bargo na kwana.

Watan jiya sau biyu na gwada ta. Da hannuna na shafa gilashin, da idona na duba, na rubuta "babu". Shekara tara ina wannan aiki a ɗakin gwajin asibitinmu, ina farautar ƙwayar tarin fuka a madubin gwaji. In na ce babu, to babu.

Aku tana can a gadon Yaya ba ta tashi ba. Ni na haife ta, amma tun da na yaye ta a ɗakin Yaya take kwana, har maƙwabta 'yar Yaya suke ce mata. Shekararta huɗu, bakinta na 'yar arba'in.

Litinin 3, 4:15 na yamma

Gilashi ashirin da shida yau, kuma an ɗauke wuta tun hantsi. Na ja teburin zuwa taga na yi aiki da hasken rana. Babbar na'urar da aka kawo mana bara, mai ba da sakamako cikin awa biyu, tana lungu a lulluɓe da zane, don kayan aikinta sun ƙare wata huɗu ke nan. Abokin aikina Dogo ya ce mun koma gidan jiya. Jan rini, harshen wuta, wanki, shuɗin rini, ɗigon mai, sannan ka leƙa madubin ka bi wuri ɗari a kan gilashin, fili ɗari inji mu, ɗaya bayan ɗaya. In akwai, za ka ga 'yan jajayen sanduna a kan shuɗi, siri-siri kamar guntayen zaren da ke zuba ƙarƙashin keken ɗinkin Yaya.

Binciken Likita zai cika wata uku ranar Alhamis. Abu ne mai sauƙi. Duk macen da ta zo da tari, ƙuri'a ce ke raba su. Rabi a miƙa musu 'yar roba mai murfi yadda aka saba, su je su kawo. Rabi kuma Sista ta zagaya da su bayan gini, ƙarƙashin bishiya, ta yi minti biyu tana koya musu yadda za su fito da abin daga ƙirji. Mu da muke dubawa ba a gaya mana wace roba ce ta wane rabi. Dogo ya ce bai taɓa jin inda aka buɗe makarantar koyon tari ba, saura ta atishawa.

Talata 4, 7:05 na safe

Sau goma sha ɗaya Yaya ta yi tari daga asuba zuwa fitata. Ba ƙirgawa nake yi ba.

Alhamis 6, 2:30 na rana

Likita ya tara mu a ofishinsa ya rubuta a allo. Cikin mata ɗari da Sista ta koya wa, an samu ƙwayar a goma sha huɗu. Cikin ɗarin da aka miƙa wa roba kawai, bakwai. Ya ce ba wai waɗannan sun fi lafiya ba ne. Miyau suka kawo mana, mu kuma muka rina miyau muka ce su tafi gida lafiyarsu ƙalau.

Sista ta ce laifin bakinmu ne. "Muna miƙa roba mu ce, ki tofa a nan. To ai ta tofa. Wace mace ce za ta tsaya a bainar jama'a ta kakaro kaki kamar tsohon direba?"

Kowa ya yi dariya. Ni ma na yi.

Likita ya ce daga yau duk robar da aka kawo da ruwa-ruwa mai kumfa a mayar da ita, ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Ya kuma ce Dogo ya zaƙulo wasu daga tsofaffin gilasan watan jiya a sake dubawa, a gwama da abin da aka rubuta a babban littafi, a layin da ake faɗin irin abin da aka kawo.

Da aka tashi na shiga banɗaki na wanke hannu. Na daɗe ina wankewa.

Juma'a 7, 1:10 na rana

Akwatin tsofaffin gilasai yana saman kabad, bayan kwalaben rini. Ban taɓa shi ba.

Asabar 8, 11:00 na safe

Wanki na yi yau. Ina murza shuɗiyar rigar Yaya sai yatsana ya ji layin ɗinki biyu daga ciki, ɗaya kusa da ɗaya. Na juya sauran rigunan. Duk ta rage su, sau biyu, da zare mai launin yadin don kada a gani. Tela ba ta rama, rigarta kullum daidai take da ita.

Na tuna ina 'yar shekara bakwai, bayan rasuwar mahaifiyarmu, lokacin Yaya ce uwa ita ce uba. Mura ta kama ni, na yi kaki a tsakar gida gaban baƙi. Yaya ta jira sai da suka tafi. Marin da na sha har yau kunnena na hagu ya san shi. Ta ce mace ba ta kaki, in abin ya matsa mata ta nemi inda ko ƙuda ba zai gan ta ba. Shekara talatin ban taɓa jin Yaya ta gyara murya da ƙarfi ba. Ko tarinta na yanzu mai ladabi ne, ƙasa-ƙasa, kamar tana neman izinin shiga.

To ta yaya zan tsaya gaban wannan matar da roba a hannu in ce mata

Shanya zan yi kafin rana ta juya.

Lahadi 9, 5:20 na yamma

Aku na wasa da 'yartsanarta a bakin ƙofa. Ta ɗauki ƙyalle ta rufe mata baki, ta juyar da ita bango, ta yi mata "uhum, uhum". Sai ta ninke ƙyallen huɗu, tsaf, ta cusa ƙarƙashin tabarma. Na tambaye ta wane wasa ne wannan. Ta ce wasan Inna ne, haka take kiran Yaya. Ta ce na Inna a ƙarƙashin katifa suke, kuma Inna ta ce sirri ne.

Yaya ta fita kai ɗinki. Ɗakin a buɗe yake. Ban shiga ba.

Lahadi 9, 5:50 na yamma

Na shiga. Guntayen yadi ne, kusan goma. Biyu suna da tabo mai launin tsatsa.

Na mayar yadda na same su.

Litinin 10, 6:30 na yamma

Na ce wa Yaya gidan sauronta ya huje, bari Aku ta dawo ɗakina kwana biyu. Tana ɗinki, ba ta ɗago ba. Ta ce ta ɗinke hujin tun shekaranjiya. Na ce to ai yarinyar ta girma, tana shure-shure, tana hana ki barci. Sai ta tsayar da keken ta dube ni.

"Auta, ba kin ce babu ba?"

Na ce babu, Yaya.

Ta ce to madalla, ta ci gaba da ɗinki.

Talata 11, 6:15 na safe

A can Aku ta kwana. Tagar a rufe, saboda Yaya na jin sanyi.

Laraba 12, 3:40 na yamma

Dogo ya sauke akwatin. Na goma-goma yake ɗauka: 210, 220, 230, 240. Ya tsallake 218, ya tsallake 231, gilasan Yaya. Ina tsaye a bayansa kamar mai neman alƙalami. Da ya mayar da akwatin na ji wani sanyi a raina, sai kuma na ji kunyar sanyin, kunyar da ta hana ni cin abincin rana. Dogo ya ce ko azumi nake, in haka ne in miƙo masa abincin.

Tsoro nake ji. Gara in rubuta shi a fili ko sau ɗaya ne.

Alhamis 13, 7:20 na safe

Na riga kowa zuwa. Na sauke akwatin.

218. Manyan ƙwayoyin fatar baki ne fal, faffaɗa, a baje, ko ɗalibin da ya yi wata ɗaya a nan ya san su. Babu alamar abin da ya fito daga ƙirji. 231 ma haka. Miyau ne tsantsa, an rina shi da kyau. Aikina yana da tsabta ko a kan banza.

Na buɗe babban littafi. A layin irin abin da aka kawo, rubutuna ne, da shuɗin biro: kaki. Sau biyu.

Daga gida na kawo robobin a jakata, ba ta biyo layi ba, Sista ba ta gan ta ba. Na tuna na ɗaga ta farkon a hasken taga na ga ruwa ne, kumfa na yawo a sama. Na sani. Da ta wata ce da na mayar. Amma na shafa, na bi filin nan ɗari ina addu'a, na samu abin da na roƙa. Na koma gida da murna har na saya wa Aku alawa.

Juma'a 14, 12:45 na rana

Na gaya wa Sista a ƙarƙashin bishiyarta. Na zaci za ta yi faɗa. Ta saurara har na gama, ta ce wanzami ba ya son jarfa, ba ni ce ta farko ba. Sannan ta tambayi kwana nawa ke nan. Na ce mako biyar. Ta tambayi wa ke kwana a ɗakin. Da na faɗa mata, fara'ar ta bar fuskarta.

Ta ba ni roba biyu. Ta ce ko dai in kawo Yaya ta koya mata, ko in koya mata da kaina, amma kada Litinin ta wuce. Maganar littafi kuma da bakina zan gaya wa Likita, ita ba 'yar aike ba ce.

Asabar 15, 8:00 na safe

Na gwada. Na kai wa Yaya shayi, na ajiye robar kusa da kofin, na yi ta kewaye-kewaye. Na ce an fito da sabon tsari. Na ce ana so abin ya fito daga can ƙasa. Na ce irin wanda, kin gane ai. Ta ce ba ta gane ba, in yi mata Hausa.

Na faɗi kalmar.

Ta dube ni daga sama har ƙasa. Ta ce ashe abin da boko ya koya mini ke nan, in zo da sassafe in sa yayata ta yi abin da ko mahaukaciya sai ta waiga kafin ta yi. Ta ce sau biyu ta ba ni, sau biyu na ce lafiya lau, in idona ya lalace in sayi tabarau. Ta ture robar da bayan hannu ta faɗi ƙasa. Tari ya sarƙe ta, ta juya bango, ta haɗiye.

Ina gani ta haɗiye.

Asabar 15, 4:00 na yamma

Ba ta yi mini magana ba. Keken ma shiru.

Lahadi 16, 10:30 na safe

Mai shago ta aiko a karɓi kayan makarantar 'ya'yanta, ba a gama ba. Yaya ba ta taɓa saɓa alkawarin ɗinki ba. Na leƙa na ga ta ɗora ƙafa a kan matakin keken, ta taka sau biyar, ta tsaya tana maida numfashi. Aku na zaune a cinyarta tana riƙe mata yadin, fuska kusa da fuska.

Baban Aku ya bugo daga hanya, ya ce sai ƙarshen wata motar za ta juyo. Ya tambayi mutan gida. Na ce kowa lafiya. Na iya faɗin wannan yanzu, bakina ya saba.

Lahadi 16, 5:45 na yamma

Na tura Aku gidan maƙwabta. Na shiga na durƙusa a gaban Yaya, abin da rabona da yi tun ina yarinya. Na ce mata ƙarya na yi. Na ce abin da ta ba ni miyau ne, ba a ganin komai a miyau, na sani tun a ranar, na rubuta abin da ba shi ba don ina tsoron abin da zan gani. Na ce na ga ƙyallayen. Na ce ciwon yana da magani, wata shida, ina ganin masu warkewa kullum.

Duk wannan tana kallon taga. Sai na ce, "Yaya, a iska yake tafiya. Duk numfashin da kika fitar a ɗakin nan, Aku ce ke shaƙa."

Can ta ce in tashi, gwiwata za ta yi datti.

Litinin 17, 6:10 na safe

Na buɗe ƙofa na tarar da tabarmar Aku a naɗe a bakin ɗakina, da 'yartsana, da ƙaramin kofinta. Ita kanta Aku tana falo a kan kujera tana barci, an lulluɓe ta. Tagar Yaya a buɗe warwar.

Yaya tana tsaye can ƙarshen tsakar gida kusa da igiyar shanya, ta sa sabon ɗankwali kamar mai zuwa unguwa, robar a hannunta.

"Nuna mini," ta ce.

Na kurkure baki ta kurkure. Na kama ƙugu ta kama. Numfashi mai zurfi sau uku, a riƙe, a saki. Sannan na buɗe baki na yi shi a gabanta, da ƙarfi, irin na tsohon direban Sista, har kajin maƙwabta suka watse. Ta ce inna lillahi, duk tarbiyyar da ta yi ta bi ruwa. Dariya ta kama ta, dariyar ta zama tari, tarin ya ƙi tsayawa. Ta fara juyawa bango. Na riƙe kafaɗarta, ƙashi ne kawai, na ce a'a, nan, cikin roba.

Ta ce in juya baya. Na juya.

Ban taɓa jin sautin da na ƙi kuma na so kamar wannan ba. Da ta miƙo mini robar ba ta dube ni ba. Mai kauri ne, ruwan ƙasa-ƙasa, da jan zare a ciki.

Litinin 17, 11:25 na safe

Ban kai fili ɗari ba. Ban kai biyu ba. A na farko suna nan dami-dami.

Na kira Dogo ya duba ba tare da na ce masa komai ba. Ya leƙa ya yi fito, ya ce wannan ai gari guda ne, ta ina mai shi ta biyo aka bar ta har ta kai haka? Sai ya ga fuskata. Ya ja kujera ya zaunar da ni, bai ƙara wasa ba har aka tashi.

Na rubuta "akwai". Na koma 218 da 231 na ja layi ɗaya a kan kalmar, yadda za a iya karanta ta, na rubuta miyau, na sa hannu da kwanan wata. Na ɗauki littafin na kai wa Likita.

Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga. Ya ce daga yau ba mai gwada ɗan gidansu. Ya ce in kawo Yaya gobe, in kawo yarinyar ita ma a yi mata hoton ƙirji, don yara ba sa iya kaki ko an koya musu.

Talata 18, 2:00 na rana

Yaya ta fara shan magani. Kowace safiya kafin ta ci komai, a gaban idona. Sista ta gaya mata fitsarinta zai yi ja, kada ta tsorata. Yaya ta ce wannan asibiti ba a san kunya ba ko kaɗan.

An auna Aku. Nauyinta bai ƙaru ba tun wata uku. Na'urar hoto ta lalace, sai Alhamis.

Laraba 19, 6:50 na safe

Aku ta tsaya a bakin ƙofar Yaya, yatsun ƙafarta daidai kan dokin ƙofa. An ce kada ta wuce nan. Ta tambayi laifin me ta yi. Yaya ta ce daga ciki ba laifi, ɗakin ne ake wa shara mai tsawo.

Laraba 19, 3:00 na yamma

Gobe.

Alhamis 20, 4:30 na yamma

Likita ya ɗaga hoton a taga ya daɗe. Ya nuna mini da bayan biro, nan, gefen dama, ɗan wuri kamar girman ɗan yatsa. Ya ce an kama da wuri, yara suna karɓar magani da kyau, in sha Allahu za ta warke sarai. Ya ce ba mai iya sanin ranar da ta ɗauka, wataƙila tun kafin gwajin farko ne.

Wataƙila.

Aku ta tambaya ko hoton ya yi kyau. Na ce ya yi.

Juma'a 21, 6:35 na safe

Kofi biyu yanzu a kan tire. Na Yaya da ƙwayoyinta, na Aku da nata a narke a ruwa. A tsakar gida muke sha, a sarari, su biyun da tazarar tabarma ɗaya a tsakaninsu. Aku ta yamutsa fuska, Yaya ta ce su yi tsere, ta bari Aku ta ci.

Yarinyar ta ruga wanke kofinta. Yaya ta ce kada in cinye kaina, ita ma ta san abin da take ɓoyewa a katifa. Ta ce, "Kin ce in tofa, na tofa."

Makonnin nan duk da abu ɗaya nake rarrashin kaina, cewa ko na faɗa ba za ta yi ba. Shi ya sa na tambaya. Na ce, Yaya, da tun ranar farko na ce ki yi kaki fa?

Ta daɗe tana juya kofin a hannunta.

"Da na mare ki," ta ce. "Amma da na yi."

Aku ta dawo da kofin a jiƙe ta miƙo mini. Na karɓa na goge, na ajiye na gobe.